Zawon Jarirai: Laifin da Ake Ɗora wa Haƙori

Duk wanda ya zauna a Rano ko Kibiya, ko ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Rurum da Tarai, ya san maganar da akan yi idan ɗan goye ya fara gudawa. Kakarsa za ta ɗauke shi, ta sa yatsa ta shafa dasashinsa, ta ce, "Haƙori ne." Da an faɗi haka sai hankalin gida ya kwanta, domin haƙori ba cuta ba ne, kowane yaro sai ya yi shi. Daga nan a shiga jira. In abin ya wuce kwana biyu, a aiki yaro kemis ya sayo ruwan maganin haƙori, ko kafso mai ja da rawaya a kwance a jiƙa. Sau da yawa zawon kan tsaya da kansa, sai a ce magani ya yi aiki. Wani lokacin kuwa ba ya tsayawa, sai a kwashi jariri zuwa Babban Asibitin Rano idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta loɓa, ana laluben jijiyar da za a yi masa ƙarin ruwa ba a samu ba.

Iyaye mata ba ƙarya suke yi ba da suka ce zawo da fitowar haƙori kan zo tare. Sun lura da abin da ke faruwa, fassararsa ce ta kuɓuce. Haƙorin farko kan huda dasashi ne wajen wata 6 da haihuwa, kuma haƙoran nono 20 ba sa gama fitowa sai yaro ya kai kimanin shekara biyu da rabi. Ke nan duk ranar da zawo ya kama yaro a cikin waɗannan shekaru biyu, in aka duba bakinsa da wuya a rasa wani haƙori a kan hanya. A wannan lokacin ne kuma garkuwar da jariri ya samo daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi koko da kunu, ya fara rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kai da kawowa, kuma duk abin da hannunsa ya kai gare shi baki zai kai. Haƙori yakan sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Amma ruwan da ke zuba daga cikin yaro sau shida ko goma a yini, wannan aikin wasu halittu ne masu shiga ta baki, waɗanda ido ba ya iya gani.

Masana ilmin halittu sun kasa su gida uku: bairos, bakteriya, da kuma ƙananan halittu 'yan cima-zaune masu rayuwa a jikin wani. Kowane gida da irin ɓarnarsa da irin abin da ke kashe shi, shi ya sa sanin bambancinsu ya wuce maganar cin jarrabawa.

Bairos shi ne mafi ƙanƙanta, kuma a cikin danginsa wanda ya fi addabar jarirai shi ne rotabairos. Da za a jera ƙwayoyinsa guda 10,000 a layi, ba za su cika tsawon milimita ɗaya ba. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano shi a shekarar 1973 a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, a cikin tsokar hanjin yara masu gudawa, da taimakon madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Siffarsa ta yi kama da ƙafar keke, daga nan ya sami sunansa, domin "rota" a Latinanci na nufin abin da ke gangarawa kamar taya.

Yadda yake ɓarna abin lura ne. Bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tsinkaye masu laushi kamar gashin tawul, kuma su ne ke tsotse abinci da ruwa su kai cikin jini. Rotabairos kan shiga ƙwayoyin halittar da ke kan waɗannan tsinkaye, ya hayayyafa a ciki, ya fasa su. Hanjin da aka yi wa wannan aski ba ya iya tsotse ruwa sosai, ba ya kuma iya narkar da sukarin da ke cikin nono yadda ya kamata, sai sukarin ya tsaya ya ƙara janyo ruwa daga jiki. Bugu da ƙari bairos ɗin na fitar da wani dafi da ke sa hanji ya riƙa tsattsafo da ruwa. Kamar kwana biyu bayan kamuwa sai amai da zazzaɓi su fara, sannan zawo mai ruwa-ruwa ya biyo baya, ya yi kwana uku zuwa takwas.

Giram ɗaya na bayan-gidan yaro mai wannan cuta na ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi, alhali ƙasa da 100 sun isa su kama wani yaron. Suna kuma daɗewa a raye a hannu da ƙofa da tabarma da kayan wasa. Wannan ne ya sa tsabta kaɗai ba ta hana shi: kafin zuwan rigakafi, kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da shi kafin ya cika shekara biyar, ɗan attajiri a Landan da ɗan manomi a Kibiya. Bambancin yana wajen wanda ke mutuwa. Ƙididdigar shekarar 2013 ta nuna rotabairos ya kashe yara kimanin 215,000 a duniya, kusan rabinsu a ƙasashe huɗu, watau Indiya, Nijeriya, Pakistan da Kwango ta Kinshasa. A ƙasar Hausa ya fi ƙarfi da rani, musamman lokacin hunturu. Akwai kuma 'yan'uwansa a aiki, irin su norobairos da adenobairos, amma ba su kai shi kisa ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, babu kafso ko allurar kashe bakteriya da ke yi wa bairos komai. Waɗannan magunguna suna aiki ne ta hanyar lalata bangon bakteriya ko injinan da take ƙera abincinta da su. Bairos kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, da kayan jikin yaron yake aiki. Ba wa jariri mai rotabairos kafso tamkar ɗana tarkon ɓera ne don a kama sauro.

Gida na biyu su ne bakteriya, kuma su damina ce kakarsu. Ruwan sama na farko kan wanke bayan-gidan da aka yi a fili da kashin dabbobi, ya gangara da su cikin kududdufai da rijiyoyin da ba su da kewaye ko murfi. Zafi da laima kuma na taimaka musu hayayyafa a cikin abinci: kunun da aka dama da safe, aka ajiye a kofi ana ba yaro har la'asar, gona ce gare su, domin wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 ko 30. Kwalbar shayarwa, watau fida, ta fi haka muni, tun da wanke lungunanta da robar bakinta sai an tafasa.

Su ma bakteriya hanya biyu suke bi. Wasu ba sa huda hanji, sai dai su manne a bangonsa su saki dafi mai buɗe ƙofofin ruwa da gishiri. Haka wani nau'i na Ikolai ke yi, haka kuma ƙwayar kwalara ke yi da ƙarfin da ya ninka nasa. Wasu kuwa kutsawa suke yi cikin bangon babban hanji su yi masa gyambo, sai bayan-gida ya fito da jini da majina, yaro na yunƙuri yana kuka. Wannan shi ne atuni, kuma babban mai kawo shi ga yara shi ne Shigela, wadda ta sami suna daga likitan Japan Kiyoshi Shiga. Akwai kuma Kamfilobakta da ke zaune a hanjin kaji ba tare da ta dame su ba, ta jira ɗan rarrafe a tsakar gida.

Kano ta sha ganin aikin wannan gida. Binciken da aka yi kan annobar kwalara ta 1995 zuwa 1996 a birnin ya nuna cewa shan ruwan da ake tallarsa a titi ya ƙara haɗarin kamuwa, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa ya rage shi. A shekarar 2021 ma, lokacin da aka lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Yankin Rano kuma ba ƙarancin ruwa ne ya fi damunsa ba, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a maƙwabta, ga hanyoyin ruwan noman rani. Sai dai ruwan da ya dace da tumatir da shinkafa ba lalle ya dace da cikin jariri ba. Ko ruwan famfon tuƙa-tuƙa mai kyau, in aka zuba shi a randa kowa na tsoma moɗa da hannu, kafin dare ya zama wani abu dabam.

Gida na uku, 'yan cima-zaune, a nan ne aka fi samun ruɗani. Wanda aka fi ji a bakin masu kemis shi ne amiba, kuma saboda ita ake sayar da Flagyl ga kusan kowane mai ciwon ciki. Gaskiyar magana kuwa, amiba ba kasafai take kawo atuni ga jarirai ba. Jiyadiya ma, wadda Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya fara gani a 1681, ana samunta a cikin yara masu lafiya kamar yadda ake samunta a marasa lafiya a ƙasashe irin na Afirka ta Yamma. Wanda ya fi su ɓarna shi ne wanda aka fi jahilta, Kiriftosforidiyom. Yana fitowa cikin bayan-gidan mutane da na 'yan maruƙa da 'yan awaki a cikin wani ƙoƙo mai tauri wanda sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwa ba ya fasawa. A 1993 ya shiga ruwan famfon birnin Milwoki na Amurka ya kwantar da mutum kimanin 400,000. Tafasa ruwa na kashe shi. Flagyl ba ya taɓa shi, kuma maganin da ake da shi ba a ba wa wanda bai kai shekara ɗaya ba, ga shi da rauni a jikin yaro mai tamowa, watau wanda ya fi kowa bukatarsa.

Wane ne ya fi laifi a cikin gidajen uku? Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2013 ya amsa wannan. An gudanar da shi a wurare bakwai: Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangaladash da Pakistan, aka gwada bayan-gidan yara fiye da 9,000 masu zawo mai tsanani, aka kwatanta da na yara masu lafiya fiye da 13,000. Halittu huɗu ne suka ɗauki mafi yawan laifin: rotabairos, Kiriftosforidiyom, Ikolai mai dafi, da Shigela. A tsakanin 'yan ƙasa da shekara ɗaya, rotabairos ne a gaba, Kiriftosforidiyom na biye. Ma'ana, manyan masu laifi biyu a cikin jarirai duka ba sa jin kafso. Binciken ya kuma gano wani abu mai tayar da hankali: yaran da suka yi irin wannan zawo sun fi takwarorinsu haɗarin mutuwa har ninki takwas da rabi cikin wata biyu zuwa uku da suka biyo baya, kuma da yawa a gida suka mutu bayan an ɗauka sun warke. Girmansu ma ya ja baya.

Wani zai ce, to, in haka ne a gwada bayan-gidan kowane yaro mana. Wannan ba mai yiwuwa ba ne a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, kuma alhamdu lillahi ba a bukatarsa don ceton rai. Ko wace ce ƙwayar, abin da ke kashe jariri cikin gaggawa guda ne, watau ƙarewar ruwa da gishiri a jiki. Fiye da kashi biyu cikin uku na jikin jariri ruwa ne. Yaro mai nauyin kilo 7 in ya zubar da mililita 700, watau bai kai ledar fiya-wata ɗaya da rabi ba, ya shiga halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Maɗigar da ta faɗa, wadda akan ɗauka wata cuta ce dabam har a shafa mata magani, alama ce kurum ta cewa ruwan jiki ya ja baya.

Maganin wannan ya samo asali ne daga wani sirri na hanji da aka gano wajen 1960: a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai yana tare da sukari, kuma duk inda gishiri ya bi, ruwa na biye da shi. Wannan ƙofa takan ci gaba da aiki ko da ana zawo. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ganguna 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka faɗo daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya yayata ruwan gishiri da sukari har ya shiga rediyo da asibitocin karkara. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. Zinki na rage tsawon zawon, yana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin watannin da ke biye.

Amfani da shi ba wuya. A narkar da ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ruwan da aka tafasa ya huce. Bayan kowane zawo a ba ɗan ƙasa da shekara biyu rubu'i zuwa rabin kofi, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe ba a tsoro ba, cikin lita ɗaya. Nono kuwa kada a tsayar da shi ko na awa ɗaya, haka abinci ga wanda ya fara ci.

To me ya sa har yanzu kafso ya fi farin jini? Domin ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da zawo nan take, rai yake riƙewa har jiki ya gama yaƙinsa, uwa kuwa tsayawar zawon take son gani. Mai kemis ma ɗan kasuwa ne, kuma in ya sallami mutum da ƙunshi mai araha sai a ce bai san aiki ba. Amma farashin wannan ɗabi'a yana da yawa. Maganin bakteriya da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana kashe bakteriya masu amfani da ke hanjin yaro, har ya tsawaita zawon, yana kuma koya wa masu cutarwa jure magani, ta yadda ranar da atunin gaske ya zo sai a tarar makamin ya dakushe. Kafso mai ja da rawaya na ɓata haƙoran da ake cewa ana yi wa magani. Ƙwayoyin ɗaure ciki na manya kan kumbura cikin jariri. Ruwan maganin haƙori kuwa, ba a manta da 2008 ba, lokacin da wani mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda, ya hallaka yara 84 bisa lissafin gwamnati, kuma Zariya na cikin garuruwan da aka kwantar da su. An kashe yara da maganin abin da ba cuta ba.

Wannan ba ya nufin maganin bakteriya ba shi da gurbi. In aka ga jini a bayan-gida, ko ana zaton kwalara, ko yaron na da tamowa, ko bai kai wata biyu ba, magana ta koma hannun ma'aikacin lafiya, shi zai zaɓi magani da adadinsa. Haka in yaro ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko jikinsa ya saki, ko an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko zawon ya kai mako biyu, ba a kwana da shi a gida. Zazzaɓi mai zafi tare da zawo kuma na bukatar gwajin maleriya.

Saboda haka aikin wayar da kai a Rano da Kibiya ya kamata ya sauya masu sauraro. An daɗe ana tara matasan iyaye mata a asibitin awo ana yi musu lacca, alhali ba su ke yanke hukunci a gida ba. Kaka ce ke cewa haƙori ne, ita ce ke cewa a zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri wanda ya fi kowane cike da garkuwa, ita ce kuma ke cewa a ba ɗan kwana uku ruwa saboda zafi, alhali nono zalla ya ishe shi har wata 6. Maigida ne ke ba da kuɗin mota. Mai kemis ne likitan farko na yawancin gidaje. Waɗannan ukun su ya kamata hakimai da dagatai da limamai da ma'aikatan lafiya su zauna da su, cikin girmamawa, domin kakar da ta raini 'ya'ya goma ba za ta karɓi raini daga ɗan makaranta ba. Ƙunshin gishiri da sukari haɗe da zinki kuma ya kamata ya zama ana samunsa a kowane shago kamar yadda ake samun ashana.

Ga rotabairos kuwa akwai rigakafi, kuma ƙasar Hausa na da hannu a tarihinsa. A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada wani ɗigon rigakafi da kamfanin Serum na Indiya ya ƙera, mai jure zafi, a kan jarirai kimanin 3,500, ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon rotabairos mai tsanani da kimanin kashi 67 cikin 100. Wannan bai kai abin da ake samu a Turai ba, kuma ɗigon ba ya hana zawon bakteriya ko na 'yan cima-zaune, don haka uwa za ta iya ganin ɗanta ya yi gudawa bayan an ɗiga masa. Ya kamata ma'aikaci ya faɗa mata haka tun farko, in ba haka ba ranar da abin ya faru za ta ce an yaudare ta, kuma jihar da ta ga dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ta san tsadar rashin yarda. Jamhuriyar Nijar ta sa rigakafin rotabairos cikin jadawalinta a 2014, Nijeriya kuwa sai a watan Agusta na 2022.

Kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, ɗigo ne a baki ba allura ba, sau uku: a mako na 6, na 10 da na 14, tare da sauran rigakafin waɗannan makonni. Yana bukatar a fara shi da wuri, domin ya riga cutar isa jikin yaro. Mako shida kwana 42 ne, watau daidai lokacin da maijego ke gama wanka ta fita yawon arba'in. Wadda ta tafi wankan gida wurin iyayenta a wani gari ba sai ta jira komawa ɗakinta ba, ana iya ɗiga wa jaririn a asibitin da ya fi kusa, a rubuta a katinsa, ta zo da katin a ci gaba da sauran biyun a Rano ko Kibiya.